Na-Sani da Fulogi na Huɗu

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askin Na-Sani ya tashi da abu biyu: kai mai gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, da kunne cike da ilimin da bai roƙa ba. Sunan ma daga bakinsa ya fito. Ka ce masa an ɗauke wuta, ya ce, “Na sani.” Ka ce masa matarka ta haihu, ya ce, “Na sani,” har sai da wani magidanci ya taɓa shaƙe shi a kan haka. Makaranta kuwa a tsakiya ya baro ta, wai don ya lura malaman sun fara yi masa tambayoyi ne don su ƙaru. Fankar shagonsa shi ya gyara ta da hannunsa, kuma tun daga ranar take zuƙe iskar ɗakin tana kai wa bango.

Surukinsa, wanda kowa ke kira Baba, tsohon direba ne. Ya tsufa a kan manyan motoci, da ya ajiye aiki sai ya sayi wata ’yar ƙaramar mota fara, wadda in ta tsaya kusa da tirela sai ka ce yanzu aka haife ta. Injinta lita ɗaya ne, fetur kuwa lasa take yi, ba sha ba. Baba na sonta fiye da wasu daga cikin jikokinsa, kuma jikokin sun sani.

To, sai yanar ido ta kama Baba. Likita ya ce sai an yi aiki a babban asibiti, kuma zai zauna can wurin babban ɗansa har ya warke. Ranar tafiya ya kira Na-Sani da matarsa Auta, wadda ita ce ƙaramar ’yarsa, ya tsaya yana shafa bayan motar.

“Mai Aski, buɗe kunnenka. Da safe sarƙar cikinta tana ɗan kar-kar-kar. Ka bar ta ta ɗumama, za ta yi shiru.”

“Na sani, Baba.”

“In tana tsaye tana ɗan rawar jiki. Halinta ne, kada ya dame ka.”

“Na sani.”

“Tana lasar baƙin mai kaɗan-kaɗan. Ka riƙa zaro sandar kana dubawa. Ruwan lagireto kada ya yi ƙasa. In ka ga fitila ta kama a gaban sitiyari, ka kashe ta, ka kira Bakanike.”

“Duk na sani, Baba.”

“To ga wanda ba ka sani ba. Ko idona ya warke, na gama tuƙi. In na dawo na same ta yadda na bar ta, taka ce. Baƙin mai da ruwa kawai na ce. Ban da su, ko ƙusa kada ka taɓa.”

Auta ta yi ajiyar zuciya. “Baba, da ka bar makullin a hannuna. Kai ka koya min tuƙi, ka san ba na wasa.”

Na-Sani ya cafe makullin tun bai gama fitowa daga aljihun Baba ba. “Haba, Uwargida! Juya sitiyari daban, fahimtar inji daban. Baba, ku tafi hankali kwance. Za ku dawo ku ga abin da ba ku taɓa gani ba.”

A nan dai bai yi ƙarya ba.

Da farko komai lafiya. Ya ajiye ta a ƙofar shago, yana aski yana leƙenta ta madubi, abin da ya sa kunnuwan mutane da dama suka ga ta kansu. Abu ɗaya ne ke ci masa rai: rawar jikin nan. Duk sanda ya tayar da ita, sai Tela, maƙwabcin shagonsa, ya leƙo da allura a baki.

“Mai Mota, zazzaɓi take yi ne? In kawo mata bargo?”

“Kai da kake tuƙa keken ɗinki, me ka sani a kan mota?”

“Na san nawa ba ya karkarwa in ya gan ni.”

Wata safiya Na-Sani ya ɗaga bonet don duba baƙin mai. Ya zaro sanda, ya goge, ya mayar. Da ya rufe a nan, da yanzu yana da mota. Sai idonsa ya sauka a kan kawunan roba da ke jere a saman injin, waɗanda fulogai ke ƙarƙashinsu. Ya ƙirga da yatsa. Ya murtsuke ido, ya sake ƙirgawa daga ɗaya ɓangaren, ko za su ƙaru.

“Tela! Mai Walda! Ku zo ku ga ta’asa!”

Tela ya fito da tef a wuya. Mai Walda, wanda shagonsa ke tsallaken layi, ya zo da baƙin gilashi a goshi.

“Ku ƙirga min nan.”

“Uku,” in ji Tela.

“Motar yayanka fulogi nawa gare ta?”

“Huɗu, ina jin.”

“Tasi fa? Huɗu. Mota ƙafa nawa? Huɗu. Ƙofa nawa? Huɗu. Ko tebur ka cire masa ƙafa ɗaya, me zai yi?”

Mai Walda ya kaɗa kai a hankali. “Rawa.”

“Rawa!” Na-Sani ya buga cinya. “Shekara da shekaru Bakanike yana duba motar nan. Ya ga idon dattijo ya yi rauni, ya zare fulogi guda, ya shafe ramin. Ku duba nan gefen, wurin nan mai santsi. Wannan ba aikin kamfani ba ne, aikin marar tsoron Allah ne.”

Tela ya ce, “To ka jira Baba ya dawo mana.”

“In jira? In miƙa wa surukina mota mai ƙafa uku? Zan mayar da abin da aka sace, in tara unguwa, in tona asirin ɓarawo a gabansa. Ranar ba mota kaɗai zai ba ni ba, har da hularsa.”

Ya rufe shago da mutum a ciki, rabin kai a aske, ya nufi gareji da ’yan kallo a bayansa.

Bakanike wani ƙato ne mai murya kamar salansar da ta fashe, kuma shi ma ba baya ba ne wajen cika baki. Suka same shi kwance a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ke waje.

“Fito, Maigidan ɓarayi!”

Ƙafafun suka tsaya cak. Sannan sauran jikin ya biyo baya, da sifana a hannu.

“Wa ke neman a yi masa juyen haƙori da safen nan? Au, Mai Aski ne. Me ya faru, reza ta ƙare ka koma yanka da baki?”

“Ina fulogin Baba na huɗu?”

“Na me?”

“Na huɗu! Wanda ka zare.”

Bakanike ya dubi jama’a, ya dubi Na-Sani, sai ya fashe da dariyar da ta sa karen gareji ya canza wurin kwanciya.

“Kai, silinda uku gare ta! Haka aka ƙero ta. Kowace silinda fulogi ɗaya, kowane fulogi kwayil ɗaya. Shi ya sa take rawa in tana tsaye, shi ya sa kuma ba ta shan mai. Ina za a sa na huɗun, a hancinka?”

Na-Sani ya juya ga jama’a yana murmushi. “Kun ji ko? Na san haka zai ce. Kun taɓa ganin ɓarawon da aka tambaya ya ce e, ga shi a aljihuna?”

“Ni ne ɓarawo? Ni da manyan mutane ke layi a ƙofata?”

“Layin neman kayansu.”

Sai da aka rirriƙe Bakanike. Da ya ga ba zai samu damar kai hannu ba, sai ya tsoma yatsu cikin wani gwangwanin tarkace, ya zaro wani tsohon fulogi baƙi ƙirin, ya jefa masa.

“Ungo! In ka samu raminsa ka sa. In ba ka samu ba, ka haƙa!”

Na-Sani ya cafe, ya ɗaga sama kowa ya gani. “Ku shaida! Ya fito da shi!”

Kafin rana ta yi tsaka, labari ya gama layin: Bakanike ya amsa laifi a bainar jama’a.

A gida Auta tana ninke kayan yara ta ji bayanin daga farko har ƙarshe ba ta ɗago ba.

“Maigida, uku ne. Ranar da Baba ya sayo ta ina wurin. Uku ne.”

“Kin ƙirga?”

“Na ƙirga.”

“To tun kafin a sayar masa aka fara cutarsa ke nan. Abin ya fi yadda nake zato zurfi.”

“Cewa ya yi ko ƙusa kada ka taɓa.”

“Fulogi ƙusa ne?”

Ta ajiye rigar da ke hannunta. “Ni dai na faɗa. Ranar da abin zai fashe, kada ka waiwayo kana nemana da ido.”

Washegari aka yi aikin. Mai Walda ya ba da aron injin huda ƙarfe, bisa sharaɗin kada a ambaci sunansa ko a duniya ko a lahira. Na-Sani ya ɗaura tawul ɗin aski a wuya kamar likita, ya saita a wurin nan mai santsi da ke kan murfin injin, ya danna. Ƙarfe ya yi kuka, garin ƙarfe ya zuba ciki, rami ya samu.

“Kun gani? Ko gardama bai yi ba. Da ma wurin a bule yake.”

Ramin ya fi fulogin faɗi. Ya naɗe gindinsa da zaren Tela, ya shafe da gam, ya cusa, ya daddanna da ƙotar burushi. Saura wuta. Ya leƙa nan, ya leƙa can, sai ya hango wata waya mai kauri da ta nufi fankar lagireto.

Tela ya ce, “Kai, wannan ba ta fanka ba ce?”

“Na sani. Mota tana gudu iska na shiga ta gaba kyauta, me za ta yi da fanka? Almubazzaranci ne.”

Ya datse ta da almakashin aski. Ya ɗaga kwayil na uku, ya naɗa bakin wayar a kan fuloginsa, ya ja ɗaya bakin ya ɗaura wa baƙon, don su raba wutar tsakaninsu kamar ’yan uwa.

Ya shiga ya murɗa makulli.

Da can rawa take yi. Yanzu kuwa sai ta kama tsalle. Madubin gefe ya dinga kaɗawa kamar kunnen akuya, murfin akwatin gaba ya buɗe da kansa ya zubo da takardu, haƙoran Na-Sani suna haɗuwa kaf-kaf-kaf.

Tela ya ɗaga murya, “Ta warke ne ko cikawa take yi?”

“Ƙa-ƙa-ƙarfi ne ya yi mata yawa! Ta da-daɗe ba ta ci ta ƙoshi ba!”

Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari.

“Ga fitilar da Baba ya ce,” in ji Mai Walda, yana ja da baya.

“Godiya take yi. Ta ga ɗan’uwansu ya dawo.”

Amma hasken na damun idonsa, don haka ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta. Matsala ta kau.

Tsallen ne bai kau ba. Na-Sani ya yi nazari, ya gano cewa injin ya yi wa mazauninsa ƙarfi, yana bukatar matashi. Ya shiga gida ya kwaso silifas, ya dinga cusawa ta kowane gefen injin yana dannawa da sanda. Da yamma Auta ta fito daga wanka tana ɗingishi da ƙafa ɗaya a ƙasa.

“Wa ya ga ɗaya silifas ɗina?”

“Yana bakin aiki.”

“Na yaran fa? Tun ɗazu suke yawo ba takalmi.”

“Su ma sun ba da gudummawa. Gobe in suna zaune a bayan motar ubansu, za su tuna.”

Bayan silifas sai baƙin mai. Ta gefen sabon fulogin ya fara tsartuwa, yana bin jikin injin yana ɗiga a ƙasa, har ƙofar shago ta zama tarko. Mai kawo burodi ya zame a wurin, ya tashi ya zagi unguwar gaba ɗaya. Wata jar fitila ta kama kusa da wadda aka liƙe. Ita ma ta samu nata salatif ɗin.

Da Na-Sani ya zaro sanda ya ga ta bushe, sai ya mayar da ita da sauri. Baƙin mai a garejin Bakanike ake sayarwa, shi kuwa ya rantse ba zai taka wurin ba. Ya tsaya tsakiyar shago yana dube-dube, sai idonsa ya faɗa kan kantar da ya jera kayan sana’a.

“Mai dai mai ne,” ya ce.

Ya juye na injin aski. Bai kai ko’ina ba. Ya bi da man gashi mai ƙamshin fure, kwalba bayan kwalba, har da wani mai kauri na gyaran gemu da ya narkar a rana.

Tun daga ranar, in Na-Sani ya tayar da mota, sai shuɗin hayaƙi ya rufe layin, mai ƙamshi kamar an fasa shagon turare a cikin gobara. Mata suka daina shanya a waje. Kajin maƙwabta suka koma tafiya a karkace. Wani tsoho da ke zama a bakin kanti ya ce shi dai tunda yake bai taɓa tari mai daɗin wannan ba.

Tela ya ce, “Mai Mota, in ta mutu ba sai an fesa mata turare ba. Ta yi wa kanta tanadi.”

“Hassada ce ke cinka. Motar wa ka taɓa ji tana ƙamshi ta baya?”

Duk wannan bai nuna masa komai ba, don iyakar tafiyarsa daga gida zuwa shago ne, tafiyar da ko ruwan shayi ba zai tafasa ba.

Sai ga waya: an yi aiki lafiya, Baba na tafe, a tarye shi a tasha. Na-Sani ya sa farar riga sabuwa dal. Ya bi shago-shago yana gayyata, kowa ya hallara a ƙofar shagonsa. Ya aika wa Bakanike cewa in ya haifu ya zo. Bakanike ya aiko da amsa cewa ko ana ruwan wuta zai zo, kuma da kujerarsa.

Suka tafi da Auta a baya, da Tela wanda ya ce ko za a mutu sai ya gani da idonsa. A tasha suka tarar da Baba tsaye da jakarsa, sanye da baƙin tabarau irin wanda ake ba wanda aka yi wa aikin ido. Na-Sani ya ji sanyi a ransa. Ashe har yanzu dattijo a duhu yake.

“Baba, sannunku da hanya! Ya jiki? Ku shigo, ku ji yadda ’yarku ta koma.”

Baba ya zauna a gaba. Aka murɗa makulli. Tabaransa ya zamo zuwa kan hanci, ya mayar. Ya karkata kai yana saurare, kamar mai jin kukan jariri daga ɗaki na uku.

“Mai Aski.”

“Na’am, Baba.”

“Wanne ne ya mutu a cikinsu?”

“Mutuwa kuma? Ai ƙaruwa aka samu.”

“Da biyu take tafiya. Kuma wa ya yi aski a cikin motar nan?”

Tela ya cusa tef a baki. Auta ta juya tana kallon taga kamar ba ta taɓa ganin titi ba.

“Ku dai bari mu isa, Baba. Akwai albishir.”

Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso. Motoci sun tsaya cak, rana ta take, iskar nan ta kyauta ko ɗigo babu. Allurar zafi ta fara hawa. Na-Sani ya laluba aljihu, ya yago salatif, ya kai hannu a hankali.

“Me kake liƙewa?” in ji Baba.

“Ƙura ce nake gogewa.”

“Da salatif?”

Na-Sani ya dunƙule salatif ɗin a tafin hannu. Bai kai ga amsa ba, tururi ya fara fitowa ta gefen bonet, ya haɗu da shuɗin hayaƙin baya, motar ta ɓace a tsakiya. Wani mai babur ya leƙo ta taga yana fifita da hannu.

“Malam, sayarwa kuke yi ko dafawa?”

Wani direban bas ya leƙo daga sama. “Ku sauke ta, ta nuna!”

Da ƙyar, da tsalle, da tari, ta kai bakin layinsu. A nan ta yi wata doguwar ajiyar zuciya ta yi shiru. Jama’ar da aka gayyato kallon nasara su suka turo ta har ƙofar shago, Baba na zaune a ciki. Bakanike na kan kujerarsa a inuwa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Da wani ne, da ya sulale ta bayan gida. Na-Sani kuwa sai ya fito ya gyara farar rigarsa, ya yi gyaran murya.

“Jama’a, gajiya ce ta hanya, kowa na yi. Baba, ku fito ku ji abin da aka daɗe ana yi muku. Shekara da shekaru wancan mutumin yana cin amanarku. Ya sace muku fulogi. Ni, surukinku, na ƙwato shi, na mayar da shi ɗakinsa!”

Ya ɗaga bonet da tawul. Tururi ya bugi fuskarsa. Da ya lafa, Baba ya matso, ya sa hannu ya cire baƙin tabarau.

Idanun nan tar, kamar na yaro.

“Likita ya ce yanzu ko allura ta faɗi a yashi zan gan ta,” ya ce. “Da na san abin da zan fara gani ke nan, da na ce ya bar min yanata.”

Ya sunkuya. Ya zaro silifas guda da ya narke rabi, ya miƙa wa Auta.

“Naki ne?”

“Nawa ne, Baba.”

Ya zaro wani ƙarami. “Wannan na jikana ne. Ni na saya masa.” Ya bi wayar fanka da yatsa har inda ta ƙare. Ya daɗe yana kallon fulogin da ke tsaye cikin zare da gam kamar kyandir.

“Mai Aski, wannan ramin, ina ya nufa?”

“Silinda ta huɗu, Baba.”

“Ka gan ta?”

“Tana ciki. Ɓoye ta aka yi.”

Bakanike ya faɗo daga kan kujera. Yana ƙasa yana dukan ƙasa da tafin hannu. “Wayyo cikina! Murfin mai ya huda! Ya kwashe wutar na uku ya kai wa baƙin mai! Ku bar ni in mutu a nan!”

“Dariyar borin kunya ce!” Na-Sani ya daka tsawa. “Baba, kada ku saurare shi. Yanzu za ku ga wuta da idonku. Tela, murɗa makulli!”

Baba ya ce, “Kada ka—”

Amma Tela ya daɗe yana jiran a sa shi wani abu. Ya murɗa. Na-Sani ya sunkuya, yana nuna fulogin da yatsa.

Fetur ɗin da silinda ta uku ta daina ƙonawa ya daɗe yana gangarawa cikin man gemu. Ga zafi, ga tururi, ga kuma baƙo yana ƙyasta wuta a tsakiyarsu.

Fau!

Fulogi na huɗu ya tashi kamar an harbo shi. Ya shafi gefen kan Na-Sani ya yi masa aski kyauta, ya shige ta ƙofar shago, ya sami babban madubi a tsakiya, ya dawo ya bugi fankar nan. Fankar ta yi wata ƙara, ta juya, ta fara ba da iska daidai a karo na farko. Ta ramin kuwa wani baƙin ruwa mai ƙamshin fure ya yi tsiri, ya sauka a kan farar riga tun daga wuya har gwiwa.

Kowa ya zuba masa ido. Sai muryar tsohon bakin kanti: “Ƙamshin dai yana nan.”

Daga nan ba wanda ya ƙara jin maganar wani. Mai Walda ya rungume sandar wuta yana hawaye. Tela ya fito daga motar da rarrafe. Na-Sani ya waiwaya yana neman Auta da ido, ta ɗaga masa narkakken silifas ta kau da kai.

Baba ya jira har aka lafa. Ya juya ga Bakanike.

“Za ta tashi?”

“Za ta tashi, Baba, don ni ne. Sabon murfi, sabon kwayil, a wanke cikinta tas, a mayar da fanka. In Allah ya sa kan injin bai lanƙwashe ba. Amma sai wannan ya tsaya a inda ya kira ni ɓarawo ya janye.”

“Zai janye. Kuma shi zai riƙa yi maka aski har ka gaji.”

Bakanike ya dafe kansa da hannu biyu. “A’a, Baba! Ni aka zalunta, kada a ƙara min!”

Baba ya shiga shagon yana taka fasassun gilashi, ya tsinto fulogin, ya goge shi da tawul. Ya zare makulli daga jikin motar. Ya tsaya a gaban Na-Sani da abu biyu, ɗaya a kowane hannu.

“Na ce in na same ta yadda na bar ta, taka ce. Da uku na bar ta.” Ya miƙa wa Auta makullin. “Auta, ukun nan da abin da ke kewaye da su naki ne. In kika bar shi ya ɗaga bonet, ban yafe ba.”

Sannan ya kama hannun Na-Sani ya danƙa masa fulogin.

“Wannan kuwa ban san shi ba. Kai ka kawo shi. Riƙe kayanka.”

Na-Sani ya dubi fulogin, ya dubi jama’a, baƙin mai na ɗiga daga haɓarsa. Ya buɗe baki, kowa ya kasa kunne.

“Da ma na san haka za ku yi, Baba.”

Yanzu kullum da safe Auta ce ke tayar da mota. Ta bar ta ta gama kar-kar-kar ɗinta, ta kwashi yara, ta sauke maigidan a ƙofar shago. A baya yake zama, tsakanin jakunkunan makaranta, yana ba da umarnin da ba mai ji. Fulogin kuwa ya rataye shi da zare a inda madubi yake da, kuma duk wanda ya zauna aski sai ya ji tarihinsa.

“Bakanike ba shi da laifi, na janye,” yakan ce, yana rage murya, almakashi na wucewa dab da kunnen mutum. “Na yi bincike. Duk irin motar nan uku-uku ne. Ka gane? Tun a kamfani ake zarewa. Ka lissafa mota nawa suke ƙerawa, kowace fulogi guda. Ina suke kai su?”

Daga shagon gefe Tela ya ɗaga murya: “Ka sani?”

“Saura kaɗan.”